Rigileta a Tsofaffin Motoci: Yadda A Ke Haɗa Wayoyinta da Kula da Haɗin Jikinta

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara na ƙasar nan ya san tsofaffin motoci ba su gama aikinsu ba tukuna. Har yanzu a kan gamu da Peugeot 404 da 504, irin waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta wadata ƙasa da su, suna ɗauke da buhunan hatsi ran kasuwa. Akwai Volkswagen da aka riƙa haɗawa a Ikko tun daga wannan shekara, akwai Land Rover da manyan motocin Bedford da Mercedes, ga kuma taraktocin da manoma ke lallaɓawa daga damina zuwa damina. Masu waɗannan motoci galibi ba don sha'awa su ke riƙe da su ba, da su su ke ciyar da iyali. Saboda haka batir ɗaya da ya lalace ba gaira ba dalili hasara ce mai nauyi, fitilar da ta mutu da tsakar dare a kan babbar hanya kuwa tana iya cin rai.

Sau da yawa asalin irin wannan ɓarna wani ɗan akwati ne wanda bai fi tafin hannu ba, a ɗaure a jikin bangon ɗakin inji. Sunansa rigileta, watau mai daidaita ƙarfin wuta, ko da ya ke masu gyaran wutar mota, waɗanda a tasha a ke kira rewaya, sun fi kiran akwatin duka katawut. Abin lura shi ne, a mafi yawan lokuta akwatin lafiyarsa lau. Wayoyin da aka haɗa masa ne ba daidai ba, ko kuwa inda ya ke manne da ƙarfen mota ne ya yi tsatsa.

Aikin da rigileta ke yi

A ɗauki batir tamkar randa, dinamo ko altaneta kuwa tamkar ɗan garuwa mai zuba mata ruwa. Wannan ɗan garuwa ba shi da ido, gwargwadon gudun inji gwargwadon abin da zai kwararo. In inji na tsaye cik yana numfashi, kaɗan ya ke kawowa, in an taka totur sai ya yi ambaliya. Rigileta ce ke tsaye bakin randa tana ce masa ƙara, ko kuwa ya isa.

Ga yadda ta ke yin haka. A cikin dinamo akwai wani naɗin waya wanda ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa. 'Yar wutar da ke bin wannan naɗi ba ta da yawa, wajen amfiya 2 ce a dinamon ƙaramar mota, amma ita ke hukunta yawan wutar da dinamon zai fitar, kamar amfiya 22 a dinamon Lucas C40 da ke cikin motocin Ingila masu yawa. A cikin rigileta kuma akwai wani naɗi na siririyar waya, da wasu 'yan bakunan ƙarfe biyu da sifirin ke riƙe da su a haɗe. Idan ƙarfin wuta ya kai iyakar da aka yanka, sai naɗin nan ya rinjayi sifirin ya raba bakunan, wutar maganaɗisun dinamo ta ragu, ƙarfin ya sauko, sifirin ya sake haɗa su. Haka su ke ta buɗewa da rufewa sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, muddin mota na tafiya. Rigileta ta zamani ba ta da bakuna, taransista ce ke wannan aiki ba tare da motsi ba, amma hikimar ɗaya ce.

Akwatin motar da ke da dinamo yana da ƙarin aiki. Idan inji ya tsaya, ko gudunsa ya yi ƙasa ƙwarai, wutar batir za ta so komawa da baya cikin dinamo. Abin da ke datse mata hanya shi ne ainihin katawut, wanda a akwatin Lucas na mota mai bolt 12 ya kan haɗe idan dinamo ya kai tsakanin bolt 12.7 da 13.3, ya buɗe idan ya kasa. Wasu akwatunan suna da naɗi na uku mai hana dinamo fitar da abin da ya fi ƙarfinsa. Altaneta, wadda kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa wa motocin kasuwa a 1960 kafin ta game duniya, ba ta bukatar katawut, domin tana da dayod a cikinta, watau wasu ƙofofin wuta da ba su buɗewa sai ta fuska ɗaya.

Lambobin da ya kamata mai mota ya haddace kaɗan ne. Cikakken batir mai bolt 12, idan ya huta, ya kan nuna kamar 12.6. Idan inji na gudu, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In ya tsaya ƙasa da 13, batir ba ya samun abinci. In ya haura 15, dafa shi a ke yi. A mota mai bolt 6 sai a raba lambobin nan biyu, a babbar mota mai bolt 24 kuwa a ninka su.

Abin da a ke nufi da haɗin jiki

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta yi zagaye ta koma inda ta fito. Masu ƙera mota ba su ja wa kowace fitila waya biyu ba. Waya ɗaya ke kai wuta, ƙarfen jikin motar kansa shi ne hanyar dawowa. Turawan Ingila da na Amurka kowa da kalmarsa ga wannan haɗi, kuma duka biyun ma'anarsu ƙasa. Mai fassara ya kan yi jinkiri a nan, gama motar da ke tsaye bisa tayoyin roba ba abin da ya haɗa wutarta da ƙasar da mu ke takawa. Don haka a wannan ɗan littafi haɗin jiki za mu riƙa cewa.

To, rigileta ba ta ganin batir. Abin da kawai ta ke aunawa shi ne bambancin da ke tsakanin wayar da ke kawo mata wuta da nata haɗin jikin. Idan haɗin nan ya gurɓace, awonta ya zama na ƙarya, kamar mudun da aka lotsa wa gindi. Alal misali, a ce batir yana haɗe da inji, rigileta tana ɗaure a jikin mota, wayar da ta haɗa inji da jiki kuma ta ci tsatsa har bolt 0.8 na salwanta a cikinta idan an kunna fitilu. Rigileta za ta riƙe 14.2 bisa nata lissafi, ta ɗauka ta yi daidai, alhali batir 15 ya ke sha. Da rana, fitilu a kashe, kome zai yi kamar lafiya. Da dare ne ɓarnar ke aukuwa, shi ya sa mai gyaran da ya auna da hantsi ya kan rantse bai ga laifi ba.

Idan haɗin ya yanke ɗungum, abin da zai biyo baya ya danganta da irin motar. A altaneta mai rigileta ta bakuna a waje, irin ta tsofaffin Toyota da Datsun, naɗin awo zai mutu, bakunan su zauna a haɗe, altaneta ta saki duk ƙarfinta har wuta ta kai bolt 16 ko fiye. A dinamon Lucas kuwa katawut ba zai haɗe ba sam, batir ba zai sami kome ba, dinamo kuma ya yi ta hauhawa shi kaɗai har jar fitilar da ke gaban direba ta yi haske fiye da kima ta ƙone. Cuta ɗaya ce, amma a wata mota ta bayyana da ƙoshi, a wata da yunwa.

Alamun wutar da ta yi yawa ba su ɓuya. Batir ya riƙa shanye ruwa kowane mako, ya yi zafi, ya yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci cikinsa ya kumbura. Ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, haskensu ya riƙa ƙaruwa sosai duk sa'ad da aka taka totur. Alamun ƙarancinta kuwa kowane direba ya san su, tun da shi ke neman masu turi kowace safiya.

Na taɓa ganin haka ga motar wani maƙwabcina, 504 ce da ya ke haya da ita. Bayan an yi mata gyaran jiki da sabon fenti, sai ya sayi batir biyu da rigileta biyu cikin 'yan watanni. Daga ƙarshe ya kai ta wurin wani dattijon rewaya, ya ce masa, "Baba, katawut na yanzu duk jabu ne, a samo mini na asali ko nawa ne." Dattijon bai tanka ba. Ya kwance ƙusoshi biyu, ya ɗaga akwatin, ya nuna masa fenti mai kauri yana ƙyalli a ƙarƙashi, ya ce, "Alhaji, naka na farko ma da ka jefar lafiyarsa ƙalau." Ya kankare wurin, ya ƙara 'yar waya guda, magana ta ƙare.

Haruffan da ke jikin akwati

Kowane bakin waya a jikin rigileta yana da harafi ko lamba, kuma kowace ƙasa da nata tsari. Kada a dogara da jerin da bakunan su ke, a karanta harafin.

A akwatin Lucas RB106 na motocin Ingila za a ga A1, A, F, D da E. D na zuwa babban bakin dinamo, F na zuwa ƙaramin baki na naɗin maganaɗisu, A na zuwa batir, A1 na kai wuta ga makunnin fitilu da mabuɗin mota, E kuwa shi ne haɗin jiki. Gindin wannan akwati ba ƙarfe ba ne, don haka ƙusoshin da su ka riƙe shi ba su haɗa shi da kome, wayar E kaɗai ce hanyarsa. A RB340 mai naɗi uku haruffan su ne E, D, WL, F da B, inda B ke zuwa batir, WL kuma jar fitilar gargaɗi. Na Bosch, a Volkswagen da sauran motocin Jamus, suna ɗauke da D+, DF, B+ da D–, wani lokaci da lambobi: 51 ta wayar caji, 61 ta jar fitila, 31 ta haɗin jiki. A motocin Faransa EXC shi ne bakin naɗin maganaɗisu. Tsofaffin Toyota suna da soket mai baki shida, IG, N, F, E, L da B, Datsun kuwa A ta ke sawa a madadin B. A cikinsu IG na ɗaukar wuta daga mabuɗi ta cikin fis, don haka fis guda da ya ƙone ya isa ya hana caji gaba ɗaya, kuma nan ya kamata a fara dubawa kafin a taɓa altaneta.

Launin waya ma yana magana, amma a nan akwai tarko. A motar Ingila waya mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wutar batir a koyaushe, baƙa ita ce ta haɗin jiki. A motar Jamus mai ruwan ƙasa ita ce ta haɗin jiki, ja ita ce ta batir, baƙa kuwa wuta ce daga mabuɗi. Yaron da ya koyi aiki a kan Volkswagen, in ya ɗaure waya mai ruwan ƙasa ta Land Rover a jikin ƙarfe, hayaƙi zai gani nan take. Toyota kuma fara mai ratsin baƙi ta ke amfani da ita ga haɗin jiki. Daɗin daɗawa, motar da ta shekara arba'in a hannun masu gyara dabam dabam da wuya a sami wayoyinta da launinsu na asali. Kafin a zare ko ɗaya, a manna mata 'yar takarda da harafinta, ko a ɗauki hoton wurin da wayar hannu.

Akwai wani bambanci da ba a gani da ido, wanda ya jawo wa mutane da yawa hasarar kuɗi. Naɗin maganaɗisu yana da ƙarshe biyu. A wasu dinamo, kamar na Lucas, ƙarshe ɗaya yana haɗe da jikin dinamon daga ciki, rigileta ce ke ba shi wuta ta bakin F. A wasu kuwa, kamar dinamon Bosch na Volkswagen, naɗin yana samun wutarsa daga ciki, rigileta ce ke ba shi hanyar komawa jiki ta bakin DF. Akwatin wannan ba ya aiki da dinamon wancan, ko da bolt ɗinsu ɗaya, ko da ramukan ƙusa sun dace. Mai sayen rigileta ya tafi da lambar da ke jikin tsohuwar da ta jikin dinamon, ya tabbata bolt da amfiya sun yi daidai. Maganar mai shago cewa duk ɗaya ne ba hujja ba ce.

Ɗaurawa

Da farko a kashe inji, a cire kan batir wanda ke haɗe da jikin mota, shi ne kuma za a mayar a ƙarshe. Dalili kuwa, muddin yana haɗe, sifanar da ta taɓa ɗaya kan ta kuma gogi ƙarfe za ta yi tartsatsi, ta yi ja kamar garwashi. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a kusanto da taba ko ashana, domin batir da aka yi wa caji fiye da kima yana fitar da iskar haidirojin mai fashewa. In ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta mai yawa, sa'an nan a garzaya asibiti.

Wurin da akwatin zai zauna a goge shi da samfefa har farin ƙarfe ya fito, haka ma ƙafafun akwatin. A sa washa mai haƙora don ta ciji ƙarfen, a ɗaure tamau, sa'an nan a shafa ɗan giris ko man basilin a bisa don hana tsatsa dawowa. Wannan ya fi zama dole a Ikko da Fatakwal da Kalaba, inda laima da iskar teku ke cin ƙarfe da sauri. Wasu akwatunan an ɗora su bisa 'yan robobi don rage girgiza, kuma su kan zo da wata 'yar saƙaƙƙiyar waya da ke tsallake robar. Masu gyara su kan yar da ita suna zaton ado ce, alhali ita ce haɗin jikin.

A ganina bai kamata a tsaya ga ƙusa kaɗai ba, ko da masu ƙera motar sun wadatu da ita sa'ad da ƙarfen ke sabo. A ja waya ta musamman daga gindin rigileta, ko daga bakin E ko D–, kai tsaye zuwa jikin dinamo ko altaneta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma tana sa su biyun su yi awo da mudu ɗaya. Bayan haka a duba babbar wayar da ta haɗa batir da jiki, da wadda ta haɗa inji ko giyabos da jiki. Inji bisa robobi ya ke zaune. In aka manta da wannan waya bayan an sauke inji, wutar sitata, wadda ta kan wuce amfiya 100, za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok, ta gasa su har su narke.

Wayar caji lalle ta zama mai silli da yawa, irin ta mota. Wayar gida mai silli ɗaya girgiza ta kan karya ta daga ciki, roba na rufe ba a gani. A ma'aunin Ingila, inda kaurin kowane silli milimita 0.30 ne, mai silli 14 tana ɗaukar kusan amfiya 9, mai 28 wajen 17, mai 44 wajen 27, mai 65 kuwa 35. Mai 28 ta isa haɗin jikin rigileta, amma wayar D da ta batir kada su gaza 44 ga ƙaramin dinamo. A kasuwa yanzu akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A kankare silli ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne a bar ta. Kan waya kuma a matse masa baki na ƙarfe ko a yi masa dalma, murɗawa da hannu a naɗe da leda ita ce mafarin gobara a motoci da yawa.

Kada a matsar da akwatin kusa da bututun hayaƙi. A cikin na bakuna akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da zafi, wanda ke sassauta caji idan gari ya ɗau zafi, domin batir mai zafi ba ya son ƙarfin da mai sanyi ke so. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wannan tanadi yana da amfani ƙwarai, amma zafin salansa zai ruɗe shi. Murfin ma a mayar da shi da robarsa, saboda ƙurar hunturu.

Gwaji da mita

Ƙwan gwaji yana nuna akwai wuta ko babu, ba ya nuna nawa ce. Ƙaramar mita mai nuna lambobi ta wadata a kasuwa yanzu, kuma ba ta kai kuɗin batir ba ko kusa. A tayar da inji, a ɗan taka totur, a kunna manyan fitilu, sa'an nan a auna tsakanin kawunan batir biyu. Daga nan a ɗora tsinke ɗaya na mita a gindin rigileta, ɗaya a jikin dinamo: kada abin da ta nuna ya wuce bolt 0.1. Tsakanin jikin dinamo da kan batir na haɗin jiki kada ya wuce 0.2, tsakanin babban bakin dinamo ko altaneta da ɗaya kan batir kuwa kada ya wuce 0.5. A taɓa dalmar kan batir ita kanta, ba maƙalar da ke kewaye da ita ba, gama sau da yawa laifin yana tsakaninsu. Hanya mafi sauri kuwa ita ce a riƙa wata lafiyayyar waya daga gindin rigileta zuwa kan batir na haɗin jiki. In lambar mita ta sauya, an kama ɓarawon. Kafin duk wannan a duba fambel, don sakwarkwataccen fambel ya sha sa a zargi rigileta a banza.

Lanƙwasa sifirin ko juya sukurun cikin akwati shi ne abu na ƙarshe, kuma aikin gwani ne mai mita da littafin motar. Wanda ya daidaita rigileta alhali haɗin jikinta na da tsatsa, ranar da aka goge tsatsar sai ya sake sabon aiki.

Wane kai ne ke haɗe da jiki

Motocin yau duka kan batir mai alamar ɗebewa (–) ne ke haɗe da jiki. Dā ba haka ba ne ko'ina. Ford ta Amurka tana haɗa mai alamar tarawa (+) da jiki har zuwa 1955, motocin Ingila da yawa kuma sun ci gaba da haka har cikin shekarun 1960, Land Rover ma sai a 1967 ta sauya. Mai tsohuwar mota ko tarakta ya duba da kyau kafin ya ɗora batir, kuma ya sani rediyo da cajar wayar hannu na yanzu ba su jituwa da tsohon tsarin.

Dinamo yana riƙe da ɗan ragowar maganaɗisu a ƙarfensa, da shi ya ke fara aiki, shi ne kuma ke nuna masa fuskar da zai tura wuta. In an sa sabon dinamo, ko an yi wa tsohon naɗi, ko an juya batir, wajibi ne a nuna masa fuska kafin a tayar da inji, in ba haka ba bakunan katawut su ƙone. A na Lucas, a zare wayoyin D da F daga dinamon, a ɗauko waya daga kan batir wanda ba ya haɗe da jiki, a ɗan taɓa ƙaramin bakin F sau biyu ko uku. A na Volkswagen, a cire fambel da wayoyin, a haɗa DF da jiki, a taɓa D+ da wutar kan tarawa na ɗan lokaci, za a ga dinamon ya juya da kansa. Ba a yi wa altaneta wannan ko kaɗan. Ita juya mata kawunan batir na ƙiftawar ido ma ya isa ya kashe dayod ɗinta.

Wasu al'adu na tasha

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare, watau a zare kan batir inji na gudu, wai in bai mutu ba caji na da kyau. A zamanin dinamo aka gaji wannan, shi ma a lokacin ba shi da kyau. A mota mai altaneta batir shi ne ke shanye hauhawar wuta, da zarar an zare shi ƙarfin na iya yin tsalle ya ƙone rigileta da dayod da rediyo. Haka nan aron batir a tayar da mota, a cire shi tana gudu a mayar da mataccen. In za a taimaki ɗan'uwa, a yi da wayoyin tayarwa, nasa batir na wurinsa. Mai walda kuma kada ya kunna injinsa a jikin mota sai an cire batir da wayoyin altaneta. Kada a danne bakunan katawut da yatsa inji na kashe, domin za su manne, batir ya juye cikin dinamo, wayoyi su kama hayaƙi. In aka kashe mota aka ga allurar amfiya ta kwanta can gefen ragi ta ƙi dawowa, a yi maza a cire kan batir.

Jar fitilar caji ma ba ado ba ce. A altanetocin Bosch da na Lucas ACR da makamantansu, ta cikin wannan ɗan ƙwai mai kamar wat 2 ne wutar farko ke bi ta tayar da maganaɗisu. In ya mutu, altaneta ba za ta fara caji ba sai an yi wa inji ihu, wani lokaci ma ta ƙi. Ƙwayayen zamani na LED wutar da su ke ja ba ta isa wannan aiki ba, don haka a bar wa wurin ƙwai mai zare irin na dā. A kullum a lura: ta kama idan an murɗa mabuɗi, ta mutu idan inji ya tashi.

Masu cire dinamo su sa altaneta mai rigileta a ciki sun yi dabara, musamman ga motar da ke yawan tafiyar dare. Sai dai tsohuwar wayar da aka yi don amfiya 22 ba za ta ɗauki 45 ko 55 ba, haka ma agogon amfiya da ke gaban direba. A ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, a fid da tsohon akwatin daga layin ta hanyar haɗe wayoyin A da A1 da kyau, a kai wayar jar fitila ga ƙaramin bakin altaneta, motar da ke kan tsohon tsari kuma a juya ta zuwa haɗin kan ɗebewa tukuna. Altanetar ta jikinta ta ke samun haɗi, saboda haka ƙarfen da ta zauna a kai shi ma a kankare masa fenti kafin a ɗaure.